Alvin Ailey: Gwanin rawar da ya kai waƙoƙin addu'ar bayi dandamalin duniya

An haifi Alvin Ailey a ranar 5 ga Janairun 1931 a garin Rogers da ke jihar Texas ta Amurka, a zamanin da doka ta ware baƙar fata daga fararen fata. Mahaifinsa ya gudu ya bar su tun yana jariri, sai mahaifiyarsa, Lula, ta rene shi da ƙwadagon tsinkar auduga da aikatau.

A majami'un ƙauyen Texas ya tashi yana sauraron waƙoƙin addu'a da bayi suka ƙaga a gonaki, na kai kuka ga Ubangiji da begen samun 'yanci.

Ya koma Los Angeles a 1942, inda daga baya ya koyi rawa a hannun Lester Horton. A 1958 ya kafa tasa ƙungiyar rawar a birnin New York.

Ranar 31 ga Janairun 1960 ya fara nuna Revelations, wato wahayi, aikin da ya fito da sunansa. A ciki ya haɗa dabarun rawar bale ta Turawa da rawar zamani, ya ɗora su kan waɗancan waƙoƙin ibada.

Wasan kashi uku ne. A na farko, masu rawa cikin tufafi masu launin ƙasa suna miƙa hannuwa sama cikin ƙunci. A na biyu, sanye da farare, suna tafiya wankan baftisma, inda ake kaɗa dogayen ƙyallaye a matsayin kogi. Na uku kuwa taron majami'a ne, mata riƙe da maficai, ana murna. Da wannan Ailey ya nuna cewa addu'ar da aka yi cikin ƙangin bauta ta cancanci manyan zaurukan da a da aka keɓe wa fasahar Turawa.

A 1966 ƙungiyarsa ta halarci bikin fasahar baƙar fata na duniya na farko a Dakar, wanda Shugaba Senghor na Senegal ya karɓi baƙuncinsa.

Ailey ya rasu a New York ranar 1 ga Disamban 1989, yana da shekara 58. A 2014 Shugaba Barack Obama ya karrama shi da lambar 'yanci ta shugaban ƙasa. Har yau ƙungiyar da ya bari tana nuna Revelations a sassan duniya.