Louis-Antoine Ranvier

Louis-Antoine Ranvier (2 ga Oktoba, 1835 – 22 ga Maris, 1922) likita ne ɗan ƙasar Faransa, masanin ginin jikin ɗan Adam. An fi saninsa da gano gaɓoɓin da ke jikin zaren jijiya, waɗanda har yau ake kira gaɓoɓin Ranvier.

Farkon rayuwa da aiki

An haife shi a birnin Lyon, inda ya fara karatun likitanci, ya kammala a Paris a 1865. A 1867 ya zama mataimakin Claude Bernard a Collège de France, kuma ya zama farfesa a can a 1875.

Gaɓoɓin jijiya

Yawancin zaruruwan jijiya masu kai saƙo cikin sauri suna lulluɓe da wani kitse mai suna mayelin. A 1871 Ranvier ya rina jijiyoyi da sinadarin azurfa, ya duba su a madubin likita, sai ya ga lulluɓin yana tsinkewa daga wuri zuwa wuri, kamar gaɓoɓin karan dawa. A ganinsa ta waɗannan wurare abinci ke shiga zaren.

Bayan mutuwarsa aka tabbatar cewa saƙon lantarki yana tsalle ne daga gaɓa zuwa gaɓa, abin da ke sa shi sauri. Wannan aiki yana cin ƙarfi, kuma maitokondiriya, ƙananan sassan ƙwayar halitta, su ke samar da shi. A jijiyoyin hannu da ƙafa sukan taru kusa da gaɓoɓin, da kuma cikin ƙwayoyin Schwann da ke naɗe zaren. A siraran zaruruwan ƙwaƙwalwa kuwa, akasarinsu suna ƙarƙashin mayelin ne, tsakanin gaɓa da gaɓa. Wasu a zaune suke wuri guda, wasu suna kai da kawo a tsawon zaren.

Idan mayelin ya lalace, saƙo yakan yi jinkiri ko ya yanke. Kuturta, wadda ƙwayar cutarta ke shiga ƙwayoyin Schwann, takan kashe jin taɓi a hannu da ƙafa.

Ƙarshen rayuwa

An zaɓe shi cikin Majalisar Kimiyya ta Faransa a 1887. Ya yi ritaya a 1900, ya mutu a ƙauyen Vendranges yana da shekara 86.