Labarin Bishop Sama'ila Ajayi Crowther

'Yan'uwa cikin Ubangiji, ya kamata mu tuna da waɗanda suka riga mu cikin aikin bishara. Ɗaya daga cikinsu shi ne Sama'ila Ajayi Crowther, baƙin mutum na fari da ya zama bishop a ekklisiyar Angalikan. Kakanninmu na Kuseri da Marwa da Garwa sun san zafin kamun bayi, gama har zamanin Rabe, wanda aka kashe a Kuseri cikin 1900, ana ta kwasar mutane a bakin Shari da Lagon. Shi ma Ajayi ya sha wannan wuya.

An haife shi wajen 1809 a Oshogun, cikin ƙasar Yarbawa. A 1821 mahara suka fāɗa wa garin da safe, suka sa masa wuta, suka kama Ajayi da uwarsa da ƙannensa mata. Ba a daɗe ba aka raba su. Aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, har aka taɓa musayarsa da doki, daga baya kuma da taba da barasa. Baƙin ciki ya yi masa yawa har ya nemi ya kashe kansa, amma Allah bai yarda ba. A Ikko aka sayar da shi ga Turawan Fotugal, suka sa shi cikin jirgi za su ƙetare teku. Cikin watan Afrilu 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin, suka kai bayin Saliyo, suka 'yanta su.

Can ne baiwar da Allah ya ba shi ta bayyana. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari. Aka yi masa baftisma ran 11 ga Disamba 1825, ya ɗauki sunan Sama'ila Crowther. Shi ne ɗalibi na fari a makarantar Fourah Bay a 1827, aka kuwa naɗa shi pasto a 1843. Allah ya ba shi kunnen jin harsuna. Bai maishe wannan baiwa hanyar neman dukiya ba, sai ya sa ta cikin juya Littafi Mai Tsarki da Yarbanci, ya kuma rubuta nahawun Nufanci.

A 1846 ya tafi Abekuta domin wa'azi. Nan ya sadu da uwarsa bayan shekara 25 da rabuwa, suka rungumi juna suna kuka. A 1848 ita ma ta karɓi baftisma, aka sa mata suna Hannatu. Ku duba, abin da mutane suka nufa da mugunta, Allah ya juya shi alheri, kamar yadda ya yi wa Yusufu a Masar.

Daga nan ya ba da sauran ransa ga kogin Kwara da Binuwai. A 1854 ya bi jirgin Likita Baikie suka hau Binuwai har ƙasar Muri. A 1857 ya kafa mishan a Anacha. Ran 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishop a Kantabari. A 1879 jirgin mishan ɗinsa, mai suna Henry Venn, ya wuce Yola har kusa da Garwa. Ashe tun ba a haifi iyayenmu ba, akwai masu tunanin kawo mana bishara.

A bakin kogunan nan ya zauna da sarakuna masu bayi, bai kuwa riƙe su a zuci ba. Ya kan ziyarci Sarkin Bida Masaba da ladabi, ya yi magana da malamai ba tare da zagin addininsu ba. Sarki Maliki na Bida ya amince da shi har ya aika da takarda da Hausa, yana roƙo Crowther ya kai kukansa gun Sarauniyar Ingila a hana shigo da barasa ƙasarsa. A 1867 wani basarake, Abokko, ya tsare shi da ɗansa Dandeson yana neman kuɗin fansa. Wani jami'in Ingila ya rasa ransa da kibiya mai dafi wajen cetonsu. Duk da haka bishop bai bar kogin ba.

Gwaji mafi zafi ya zo masa da tsufa, daga cikin gida kuwa ya fito. Waɗansu samarin Turawan mishan suka zo suna ganin aikinsa bai isa ba. A taron Anacha cikin 1890 suka ƙaryata shi a gaban jama'a, suka dakatar da ma'aikatansa da yawa, har da ɗansa. Tsohon da ya kai shekara 80 ya iya rama zagi, ko ya juya wa Ubangijinsa baya. Bai yi ko ɗaya ba. Ya sauka daga shugabancin taron, ya ci gaba da kiwon garkensa. A 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya huta a Ikko ran 31 ga Disamba. A 2014, shekara 150 bayan naɗinsa, Babban Bishop na Kantabari, Justin Welby, ya furta a fili ekklisiya ta zalunce shi, ya yi kira ga tuba.

To, 'yan'uwa, mu fa? Akwai a cikinmu wanda danginsa suka kore shi saboda ya bi Yesu. Akwai wadda aka raba ta da 'ya'yanta. Akwai wanda dattijon ekklisiya ne ya ɓata masa rai, wannan kuwa ya fi ciwo. Shaiɗan ya kan shigo ta wurin irin wannan miki, ya ce mu rama, ko mu daina zuwa sujada, ko mu nemi mantuwa cikin giya. Kada mu ba shi ƙofa. Gafara ba ta cewa laifin ƙarami ne. Bar wa Allah shari'a ta ke yi, gama shi ya fara gafarta mana a kan gicciye. Wanda aka ba shi karatu, ya koya wa maƙwabcinsa. Wanda ya iya Fulatanci ko Larabcin Shuwa ko Kotoko, ya yi shaida da shi.

Ubangiji ya ba mu zuciya irin ta bawansa Crowther, ya tsare mu daga jaraba har ranar zuwansa. Amin.