Arthur Coningham: matuƙin da ya fara saukar da jirgin sama a Kano

Mutanen Matameye da ke zuwa Kano sun saba ganin jirage na tashi daga filin Malam Aminu Kano zuwa Jidda. Wanda ya buɗe wa Kano hanyar sama shi ne Arthur Coningham, hafsan sojan saman Ingila da aka haifa a Ostireliya a 1895, ya girma a New Zealand.

A ƙarshen watan Oktoban 1925 ya jagoranci ƙananan jirage uku daga Helwan, kusa da Alƙahira. Suka bi ta Khartoum, El Fasher, Fort-Lamy (Njamena ta yau) da Maiduguri, suna sauka suna shan mai, har suka iso Kano ranar 1 ga Nuwamba. A yaƙin duniya na biyu, ta wannan hanya aka riƙa kai jiragen yaƙi daga Takoradi zuwa Masar, inda shi kansa yake jagorantar rundunar saman hamada.

Doguwar tafiya ce kuma ta yi ajalinsa. A Janairun 1948 ya shiga jirgin fasinja Star Tiger daga Landan. Zangon da ya fi haɗari shi ne daga tsibiran Azores na Turai zuwa Bermuda ta ɓangaren Amurka, kusan kilomita 3600 bisa teku, babu wurin ƙara mai, ga iska tana gaba da su. Ranar 30 ga wata jirgin ya ɓace da mutum 31. Har yau ba a ga ko ɓaraguzansa ba.