Tarihin Otis Redding, Mawaƙin Da Turawan Ingila Ke Farautar Faya-fayanshi

 Yau za mu tsallaka teku zuwa ƙasar Amurka, mu kawo maku tarihin wani mawaƙi baƙar fata mai suna Otis Redding, wanda shekara 26 kacal ya yi a duniya, cikinsu kuma biyar ne kawai ya yi ana jin sunanshi. Dattawanmu na nan Maraɗi da suka yi lakwal da samartaka a zamanin Diori Hamani, lokacin garmaho da ƙaramin faifai mai juyi 45, wasunsu za su gane muryar ko da sunan ya ɓace masu. Irin kiɗan da ya yi shi ake ce ma sol, ma'ana kiɗan da ke fitowa daga rai, wanda asalinshi waƙoƙin majami'un baƙaƙen fata ne aka gauraya da kiɗan bulus.

An haifi Otis ranar 9 ga watan Satumba na 1941 a wani ƙaramin gari mai suna Dawson cikin jihar Jojiya. Shi ne na huɗu cikin ƴaƴa shida, kuma namiji na farko. Mahaifinshi yana noma gonar wani ne a raba amfani, kafin ya kwashe iyali zuwa birnin Makon inda ya samu aiki a wani sansanin sojan sama, yana kuma taɓa wa'azi a majami'a. A nan yaron ya fara waƙa. Yana da shekara 15 tarin fuka ya kwantar da mahaifin, sai ya bar lakwal ya shiga neman abin da za a ci a gida: ya yi ginar rijiya, ya kuma yi aikin zuba mai a gidan mai.

Makon gari ne na mawaƙa, daga nan Little Richard ya fito, kuma shi Otis ya fara kwaikwayo. A 1958 wani ma'aikacin rediyo mai suna Hamp Swain yana shirya gasar waƙa ta matasa duk mako, ladar wanda ya ci dalar Amurka 5. Otis ya ci sau 15 a jere. Nan ya haɗu da wani makaɗin jita, Johnny Jenkins, ya shiga ƙungiyarshi yana waƙa yana kuma tuƙa masu mota. A 1960 ya tafi Los Anjalis ya buga wasu faya-fayai da ba su je ko'ina ba, ya dawo gida ya auri Zelma Atwood a 1961. Wani faifan da ya yi a Jojiya mai suna Shout Bamalama ya gamu da cikas tun daga tambarinshi, domin sunan kamfanin Confederate, wato sunan jihohin kudu da suka yi yaƙi don kada a hana bauta. Da wane ido mai gabatar da shiri baƙar fata zai ɗora wanga faifai bisa garmaho? Sai da aka sake buga shi da wani suna, Orbit. Ku riƙe waɗannan faya-fayai da suka yi kwantai, za mu dawo kansu.

Arzikinshi ya zo ne ta hanyar tuƙi. A 1962 ya kai Johnny Jenkins birnin Mamfis inda za a ɗauki kiɗanshi a kamfanin Stax. Aikin bai yi kyau ba, aka tashi da sauran lokaci, sai aka bar direban ya gwada. Waƙar farko da ya yi irin ta Little Richard ce, ba ta burge mai kamfanin, Jim Stewart, ba. Ta biyun, These Arms of Mine, a hankali ya ja ta, muryar na rawa kamar ta mai roƙon a yafe mashi. Aka fitar da ita cikin watan Oktoba a ƙarƙashin tambarin Volt. Wata da watanni tana kwance, sai da wani mai gabatar da shiri a gidan rediyon WLAC na Nashbil, John Richbourg, ya dinga sa ta dare bayan dare, sannan ta tashi a 1963. An sayar da fiye da 800,000. Mu da muke aikin rediyo mun san wanga al'amari: waƙa ba ta shiga kunnen jama'a da ji ɗaya, sai an samu mai naci.

Shi kanshi Stax abin a tsaya a duba ne. Tsohon gidan silima ne a unguwar baƙaƙe, Jim Stewart da yayarshi Estelle Axton suka mayar da shi wurin ɗaukar waƙa, har daɓen yana nan a gangare kamar yadda aka gina shi don ƴan kallo. A bakin ƙofa Estelle tana da kantin faya-fayai, inda take gane abin da matasan unguwa ke so tun kafin a buga da yawa. Makaɗan gidan, Booker T. da ƙungiyar MG's, biyu baƙaƙe ne biyu farare, a garin da doka da al'ada suka hana su cin abinci wuri guda. Otis bai iya rubuta kiɗa a takarda ba. Da baki yake rera wa masu busa abin da yake so, su kama, a ɗauka gaba ɗaya kowa na cikin ɗaki guda. Haka aka ɗauki kusan dukan babban faifanshi Otis Blue cikin kwana ɗaya da dare ɗaya a watan Yuli na 1965. A cikinshi akwai Respect, wadda shi ya tsara ta, amma Aretha Franklin ta sake yin ta a 1967 har mutane da yawa suka ɗauka tata ce.

To ina Turawan Ingila suka shigo? A farkon shekarun 1960 an yi wasu samari a Landan da ake ce ma ƴan Mod. Akasarinsu ƴaƴan talakawa ne masu ƙananan ayyuka, amma duk abin da suka samu yana ƙarewa wajen ɗinka kwat mai kama jiki, da sayen ɗan babur Vespa ko Lambretta, da faya-fayan baƙaƙen Amurka. Suna kwana rawa a wurare irin su Flamingo a Landan da Twisted Wheel a Mancesta. Gasarsu ita ce wa ke da faifan da wani bai taɓa ji ba, har wasu masu sa kiɗa kan rufe tambarin faifai da takarda don kada abokin hamayya ya karanta suna. A gida Amurka, gidajen rediyon farare ba su cika sa Otis ba, amma waɗannan yara sun ɗauke shi sarki. Cikin Satumba 1966 shirin talabijin ɗinsu, Ready Steady Go, ya ba shi filin ranar baki ɗaya. A watan Maris na 1967 mawaƙan Stax suka zo rangadin Turai, da Sam da Dave da Eddie Floyd da Arthur Conley, ƴan Beatles suka aika da motoci a tarye su a filin jirgi. Sun yi wasa a Landan da dandalin Olympia na Faris da Oslo. Makaɗan da a Mamfis ba a ɗauke su bakin komai ba suka ga ana rububin taɓa hannunsu. A ƙarshen shekarar masu karanta jaridar Melody Maker suka zaɓe shi mawaƙi namiji na ɗaya a duniya, matsayin da Elvis Presley ya daɗe yana riƙe da shi.

Abin mamakin shi ne, manyan waƙoƙinshi ba su ne ke tsada wajen masu tara faya-fayai ba, tunda an buga su da yawa. Abin da ake farauta shi ne waɗancan na farko da suka yi kwantai, da kwafin gwaji da ake aika wa gidajen rediyo, da bugun Faransa mai waƙa huɗu da hoto a bango. Akwai kuma ɗan kamfanin da shi Otis ya kafa a 1965 mai suna Jotis, wanda faifai huɗu kawai ya fitar: biyu na Arthur Conley, ɗaya na Billy Young, ɗaya na Loretta Williams mai suna Baby Cakes, wanda ƴan Mod ke ji da shi. Wanga son abin da ba a samu shi ne ya haifi harkar da aka sa ma suna sol na arewa a Ingila, kuma don ku ga inda abin ya kai, a 2009 an sayar da faifai ɗaya na wani mawaƙi Frank Wilson kan fam 25,742, wajen miliyan 19 ke nan na sefa a canjin lokacin. Idan muka tuna yadda a gidajenmu aka bar faya-fayan Shata da Ɗan Anace rana ta lanƙwasa su, yara suka yi wasan gare da sauran, sai mu yi shiru.

Mu koma ga mai tarihin. A watan Yuni na 1967 ya yi wasa a bikin Monterey na Kalifoniya gaban dubban matasa farare, daga nan ƙofar Amurka ta buɗe mashi. Ya riga ya sayi gona mai eka 300, kimanin hekta 120, kusa da Makon, da shanu da dawaki, shi da ubanshi ya yi noman gonar wani. Ya kuma sayi jirgin sama. Da kaka aka yi mashi aiki a maƙogwaro, likita ya hana shi waƙa na wasu makonni. Da ya warke ya shiga Stax kamar mai gudun lokaci, ya ɗauki waƙoƙi masu yawa, cikinsu har da wadda ya fara tsarawa cikin wani gidan kwale-kwale a Sausalito, ya ƙarasa tare da Steve Cropper, wato The Dock of the Bay. Ba ta yi kama da sauran ba, a natse take, da fito a ƙarshe, har wasu na kusa da shi ba su so ta ba.

Ranar Lahadi 10 ga Disamba 1967 ya taso daga Kilibilan zuwa Madison cikin ruwa da hazo. Saura kaɗan su sauka jirgin ya faɗa tabkin Monona. Otis ya mutu tare da matuƙin, da yaronshi, da matasa huɗu na ƙungiyar Bar-Kays. Mutum ɗaya ya tsira, mai busa Ben Cauley, wanda ya riƙe matashin kujera cikin ruwan sanyi har aka tsamo shi. Wajen mutum 4,500 suka zo jana'izar a Makon, a zauren da ke ɗaukar 3,000. Steve Cropper ne ya zauna ya haɗa waccan waƙa, ya ƙara mata ƙarar igiyar ruwa da kukan tsuntsayen teku. Ta fito a Janairu 1968, ta yi mako huɗu tana ta ɗaya, karon farko da waƙar mamaci ta kai wanga matsayi a Amurka.

Bayan mutuwarshi wata masifar ta sake faɗa wa Stax. An riga an sayar da kamfanin Atlantic mai rarraba masu faya-fayai, da aka buɗe takardar yarjejeniyar da Jim Stewart ya sa wa hannu a 1965, sai aka tarar ta mallaka wa Atlantic asalin naɗin waƙoƙin da ta rarraba. Ke nan muryar Otis ta fita daga gidan da aka ɗauke ta. Stax ya sake tashi da wasu mawaƙa, ya karye a 1975, aka rushe ginin a 1989, sai a 2003 aka gina gidan tarihi a wurin bisa kamannin tsohon. Matarshi Zelma, wadda ya bar wa ƴaƴa ƙanana, ta riƙe gonar da haƙƙin waƙoƙin da ya tsara, a 2007 kuma ta kafa gidauniya da sunanshi mai koya wa yara kiɗa a Makon. Kabarinshi yana cikin gonar, ƴan taku kaɗan daga ƙofar gida.