Tarihin Alhaji Ahmadu Ahijo da Takardar Marwa

Ga tarihin Alhaji Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko. Bafillace ne, an haife shi a Garwa cikin shekarar 1924. Ya fara da makarantar allo, sa'an nan boko, ya yi aikin gidan waya ƙarƙashin Faransawa. Da Kamaru ta sami mulkin kai a 1960, shi aka zaɓa shugaba.

A zamaninsa aka yi jayayya tsakanin Kamaru da Nijeriya bisa iyakar teku wajen Bakasi, inda akwai kifi da man fetur. Ran 1 ga Yuni 1975 ya sadu da Janar Yakubu Gowon a Marwa, suka sa hannu a takardar iyaka. Ba a cika wata biyu ba aka tuɓe Gowon, daga baya Nijeriya ta ce takardar ba ta hau kanta ba.

Ahijo ya sauka a 1982, ya miƙa mulki ga Paul Biya. Suka ɓata, har aka yanke masa hukuncin kisa ba ya nan. Ya rasu a Dakar ta Sanagal a 1989, can aka rufe shi.

Amma takardar ba ta mutu ba. A 2002 Kotun Duniya ta tabbatar da ita, ta kuma ba Kamaru Bakasi bisa yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913. Nijeriya ta gama miƙawa a 2008.

To, malamai da fatake, ku lura: mai alkawari ya kan mutu, rubutunsa ya tsaya shaida. Allah ya jiƙansa, amin.