Likita Samuel Orton da Yaran da Karatu ke Gagara

Da wuya a rasa aji guda da ba shi da yaro mai basira da iya magana, amma da zarar an miƙa masa littafi sai ya kama in'ina, daga nan a laƙaba masa daƙiƙi, bulala ta biyo baya. Likita Samuel Orton yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata cewa matsalar daga ƙwaƙwalwa take, ba daga lalaci ba.

An haife shi a 1879 a birnin Columbus na Jihar Ohio, Amurka. Mahaifinsa ne shugaban farko na jami'ar jihar. Ya karanci aikin likita a Jami'ar Pennsylvania, ya ƙware kan cututtukan ƙwaƙwalwa, har aka ba shi shugabancin asibitin masu taɓin hankali a Jihar Iowa.

A 1925 ya kai asibitin tafi-da-gidanka gundumar Greene, malamai suka turo masa yaran da suka gaza a aji. Da ya gwada su, sai ya tarar wasunsu basirarsu daidai take da ta tsararrakinsu, karatu kaɗai ke ba su wuya. Suna rikita b da d, wani lokaci su karanto kalma daga ƙarshe. Ina ga ya ci karo da namu ɓ da ɗ! Bayaninsa shi ne, ƙwaƙwalwa ɓangare biyu ce, dama da hagu, kuma ɗaya na riƙe siffar harafi a juye kamar a madubi. Ga yawancin mutane ɓangare guda ke rinjaye. Ga waɗannan yara kuwa, rinjayen bai tabbata ba.

Wannan bayani na madubi bai ɗore ba. Binciken baya ya nuna babbar wahalar ita ce rarrabe sautukan da ke cikin kalma da haɗa su da haruffa. Amma a ganina maganin da ya kawo ya fi bayaninsa inganci. Shi da malama Anna Gillingham suka tsara koyarwa daki-daki: yaro ya ga harafi, ya furta sautinsa, ya zana shi da yatsa. Har yau ana aiki da ita.

Ya wallafa littafinsa kan batun a 1937, ya rasu a 1948. Shekara guda bayan haka aka kafa ƙungiya da sunansa, wadda yanzu ake kira International Dyslexia Association.