Waiwaye: Sardauna Ahmadu Bello, jagoran siyasar a bi sannu

Yau mun ɗauko mutumin da har gobe hotonsa ke manne a shagunan Damagaram, ko da yake bai taɓa mulkarmu ba.

An haifi Ahmadu Bello a Rabah ta ƙasar Sakkwato, jinin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ne. Ya yi karatu a kwalejin Katsina, ya yi malanta, ya zama hakimin Rabah a 1934. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, Abubakar na uku ya samu, shi kuma aka naɗa shi Sardauna.

Ra'ayinsa mai sauƙin ganewa ne: gidan da ka gada, in yana yoyo, yaɓe za ka yi masa, kada ka rushe shi ka kwana a fili. Turawa na kiran wannan ra'ayin riƙau, suna danganta shi da Edmund Burke, ɗan majalisar Ingila da ya soki juyin juya halin Faransa a littafinsa na 1790. Sardauna daga zauren fada ya koyi nasa. Sarki da alƙali su tsaya, boko ya shigo ta hannunsu.

An ga haka ƙarara a 1953. A majalisar Ikko, Anthony Enahoro ya nemi mulkin kai a 1956, Sardauna ya nemi a cire shekarar, a jira lokacin da ya dace. Lissafinsa, Arewa ba ta da isassun ƴan boko, ofisoshi za su koma hannun ƴan kudu. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a titi, a watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano. Da ya zama Firimiya a 1954 sai ya duƙufa horar da ƴan Arewa, har aka buɗe jami'ar Zariya a 1962.

To amma fa jiran nan, wani ne ya biya kuɗinsa. Magoya bayan NEPU ta Malam Aminu Kano sun sha ɗauri a kotunan sarakuna, matan Arewa kuwa ba su jefa ƙuri'a ba duk zamaninsa. Dattawanmu da suka ga wahalar ƴan Sawaba sun san irin wannan.

Sojoji suka kashe shi a gidansa na Kaduna ran 15 ga Janairu 1966, tare da uwargidansa Hafsatu. Allah ya jiƙansu.